Wandon jins mai tsada ya yi mini tsawo da faɗi: a kai wa tela ko a haƙura?

Abba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na sayi wandon jins ɗinkin Japan, irin mai taurin nan da ba a taɓa wankewa ba, mai jan layi a ɗinkin waje na ƙafa, ta cikin wandon. Kuɗinsa sai da na ji a jikina. Cinya da mazaunai sun zauna daidai, amma tsawon ya wuce ni sosai, yana taruwa a kan takalmi. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuma ya yi mini faɗi, ƙugun ma akwai ɗan rara ta baya. Tsorona kada in kai wa tela ya sa masa almakashi ya ɓata mini shi. Wa ya taɓa gyara irinsa?

Nura: Wa alaikumus salam. Ka naɗe ƙafar kawai mana, ai don a ga jan layin nan aka yi shi.

Abba: Na gwada. Naɗin ya kusa kai mini rabin ƙwauri.

Nura: To wannan kam sai almakashi.

Yaya Kabiru: Abba, kafin maganar tela, ka wanke shi tukuna? In ba ka wanke ba kada ka bari kowa ya taɓa shi. Duba takardar da ta zo da shi ko shafin kamfanin, ka ga ko an riga an jijjiƙa yadin a masana'anta ko ba a yi ba. Tun 1930 wani Ba'amurke mai suna Sanford Cluett ya fito da hanyar da ake sa yadi ya ja tun kafin a yanka shi, kuma yawancin jins na yanzu sun bi ta wannan hanyar, don haka abin da suke ragewa a wanki kaɗan ne. Amma kamfanonin Japan da yawa suna sayar da wanda ba a yi wa haka ba da gangan, kamar yadda kamfanin jins na Levi's suke da nasu samfurin 501 ɗin da sai an jiƙa yake kama jiki. Irin wannan yana iya ja har kusan kashi 10 cikin 100. A tsawon ƙafa kana iya rasa inci 2 zuwa 3 a jiƙon farko. Ka ga in tela ya yanke maka daidai yau, gobe ka wanke, wandon ya koma saman idon sawu, kuma yadin da aka yanke ba ya dawowa.

Abba: An rubuta cewa ba a jiƙa shi ba, Yaya. Amma na ji ana cewa kada a wanke irinsa sai ya yi wata shida.

Yaya Kabiru: Wancan zancen koɗewa ne, daban yake. Jiƙon farko dole ne. Juya shi ciki waje, ka sa a ruwan ɗumi mai ɗan zafi ba sabulu, ka bar shi kamar awa guda, ka shanya a inuwa. In ya bushe ka sa shi 'yan kwanaki, don ƙugu yakan sake buɗewa bayan ya tsuke, sannan bayan gwiwa yana tattarewa ya ɗan ɗage tsawon. Ni da zan ba ka shawara ma ka jiƙa sau biyu kafin a yanke, don na farko ba ya fitar da jan gaba ɗaya. Wataƙila rarar ƙugun nan da kake kuka da ita ta tafi da kanta.

Malam Sani: Salamu alaikum. Ni tela ne, kuma maganar Kabiru gaskiya ce, ko wandon da ba shi da tsada ba na son a kawo mini shi sabo fil daga leda. Bari in ɗora a kai. Abba, ka yi sa'a, domin wuraren da suka zauna maka daidai su ne wuraren da ba su gyaruwa. Cinya, mazaunai, da tsawon da ke tsakanin hantsa da ƙugu, in waɗannan suka matse mutum to babu abin da zan iya yi masa. Jins ba kamar wandon kwat ba ne da ake barin rarar yadi a ciki don a saki nan gaba. Ɗinkinsa naɗaɗɗe ne, an cusa gefen yadi ɗaya cikin ɗaya an bi da layi biyu, babu ragowar da za a buɗe. Ko da an samu ɗan abin da za a saki, wurin zai fito da duhun shuni daban da sauran, ga ramukan tsohuwar allura a jere. Don haka duk mai sayen jins ya saya don cinyarsa da mazaunansa. Tsawo, faɗin ƙafa, da ɗan rage ƙugu, waɗannan aikinmu ne.

Abba: Na gode Malam. To ta ina za a fara?

Malam Sani: Ƙugu tukuna, sai faɗin ƙafa, tsawo shi ne na ƙarshe. Dalili, in aka tsuke ƙugu wandon yana hawa sama ya zauna inda ya kamata, tsawon ya canza. In ka fara yanke tsawo ka auna ne a kan wandon da ke zamewa.

Zulai: Malam, ni ma wannan matsalar ƙugun ce take damuna kullum. In wando ya shige ni a mazaunai da cinya, sai bayan ya buɗe, in na zauna hannu ma yana shiga. Wata ta ce in sa a yi mini ɗan tsuki biyu a baya, hagu da dama. Ya kuke gani?

Malam Sani: Ana yi, 'yata, kuma ya fi sauri. Amma a wando mai tsada ba na so. Tsukin yana fitowa fili, kuma in ya ratsa ta kan bakin ƙugu wurin yana yin tudu, ya riƙa cin bayan mutum. Aikin da ya fi tsafta shi ne ta tsakiyar baya. A cire kunnen bel na tsakiya, a farke bakin ƙugun kaɗan hagu da dama, a rage ɗinkin tsakiyar mazaunai ana sassautawa har ya ɓace a ƙasa, a yanke bakin ƙugun a haɗe, sannan a mayar da kunnen bel ya rufe mahaɗin. In an yi da kyau sai mai neman aibi ne zai gano. Iyakarsa dai inci ɗaya da rabi, in an matsa biyu. In ya wuce haka aljihunan baya za su matso juna, waɗanda ke gefe kuma su ja baya, siffar wandon ta lalace. Wanda yake buƙatar a cire masa inci 3 ko 4 ba gyara yake nema ba, lambar wandon ce ba tasa ba.

Anti Binta: Zulai, ƙari a kan na Malam. In rarar ba ta kai inci ɗaya ba, akwai dabarar roba. Ana ɗan tsaga cikin bakin ƙugu ta baya, a zura roba mai faɗi, a kama bakinta biyu da ɗinki a ƙarƙashin kunnuwan bel. Ba a yanke komai, in jiki ya ƙaru a zare ta. A kan maratayi za ki ga ya ɗan tattare, amma a jiki ba ya nunawa. Ni ga wandunan da nake sawa yau da gobe ita nake yi.

Zulai: Anti wannan ta yi mini. Jikina ba ya tsayawa wuri ɗaya, yankewa tsoro take ba ni.

Yaya Kabiru: Mu koma kan ƙafar Abba, don nan ne ake yawan yin ɓarna. Jan layin da ya ambata shi ne gefen saƙar yadin. Tsohuwar masaƙa mai ƙoshiya ce take yin sa, zare ɗaya yana kai da komo ba a yanke shi, sai gefen ya fito a rufe da kansa ba ya warwarewa. Faɗin yadin da take fitarwa kusan inci 30 ne kawai, rabin na injinan zamani, ga ta da jinkiri, shi ya sa wandon yake tsada. A Amurka masana'antar White Oak ta kamfanin Cone Mills ta daɗe tana saƙa wa Levi's irinsa har aka rufe ta a 2017, yanzu Japan ce ta fi suna a kai, musamman yankin Okayama. Ana shimfiɗa ƙafar wandon ne a kan wannan gefen, shi ya sa ɗinkin waje yake miƙe sambal. To tela da bai san wannan ba, in ka ce ya rage faɗi, ɗinkin waje zai fara kamawa domin shi ne mai sauƙin farkewa, ya bi da wibin, ya yanke maka abin da ka biya kuɗi dominsa ya zubar a ƙasa. Ka faɗa masa da bakinka: daga ɗinkin ciki kawai, kada a taɓa na waje.

Mubarak: Wannan ya taɓa faruwa da ni. Na kai, na yi bayani, mutumin ya ce ya gane. Da na dawo ya miƙo mini yana murmushi wai ya gyara mini har da gefen nan mai ja da ya ga an manta ba a yi wa wibin ba.

Nura: Innalillahi. Ka biya shi?

Mubarak: Me zan yi? Aikin gama ya gama.

Malam Sani: Allah ya kyauta. Amma kada ku ɗora mana laifin duka. Rage faɗi daga ciki kaɗai aiki ne mai wuya. Ɗinkin ciki a yawancin jins shi ne naɗaɗɗen, sai an farke layi biyu tun daga ƙasa har sama da gwiwa, a yanke, a sake naɗewa a mayar. Kuma in aka ɗebe da yawa daga gefe ɗaya, ƙafar tana iya karkacewa, ɗinkin ciki ya riƙa leƙowa gaba. Shi ya sa nake cewa a yi a hankali. A fara tsukewar daga ɗan sama da gwiwa a gangaro da ita sannu, kada a fara ta kwatsam, in ba haka ba wurin zai yi kusurwa. Sannan ku lura da awo. Mu muna auna bakin ƙafa a shimfiɗe ne. In ka ce in cire inci ɗaya a shimfiɗe, inci biyu ke nan a zagaye. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su ce a cire biyu, a ƙarshe diddige ya ƙi wucewa. Yadin Abba kuwa ba roba a cikinsa, ba ya miƙewa ko kaɗan, sai ya zauna yana kokawa da wando kafin ya cire.

Abba: To yaya zan san nawa zan ce a cire?

Anti Binta: Kada ka je da lamba a ka. Ɗauki wandon da kake da shi wanda faɗin ƙafarsa ya fi yi maka, ka tafi da shi. A shimfiɗa su ɗaya kan ɗaya a auna gwiwa da bakin ƙafa. Kuma kada ka yarda da lambar da ke jikin takarda, 32 na wannan kamfani ba 32 na wancan ba ne, tef kawai za ka yarda da shi. Sannan ka sa wandon a jikinka a wurin telan, ya kama da fil, ka zauna, ka tsuguna, ka ɗaga ƙafa kamar za ka hau mataki. Wandon da ya yi kyau a tsaye gaban madubi yana iya hana ka zama.

Yaya Kabiru: Da takalmin da za ka fi sawa da shi, da bel ɗinka. Tsawon da ya dace da takalmi mai tudun diddige daban yake da na mai shimfiɗaɗɗen ƙasa.

Hajiya Ladi: Ni tambayata a kan kalmasar ƙasa ce. Na saya wa ɗana wani da aka riga aka koɗar, bakin ƙafar yana da wannan farin tattarar mai kyau. Da aka rage tsawo sai bakin ya dawo sumul, launi ɗaya, zaren ma wani ruwan ɗorawa mai ƙyalli da bai yi kama da na sauran wandon ba. Yaron ko sawa ba ya yi. Akwai yadda ake kauce wa haka?

Malam Sani: Akwai, Hajiya. Ana yanke tsohon bakin da ɗan rara a samansa, a cire tsawon da ake so daga ƙafar, sannan a mayar da tsohon bakin a ɗinke dab da layin zaren asali. In aka goge da kyau mahaɗin yana ɓuya a jikin layin. Ga wandon da aka saya a koɗe wannan ita ce hanya, domin wancan farin a masana'anta aka yi shi da wanki da duwatsu, keken ɗinki ba ya kawo shi. Sharaɗinsa ɗaya, faɗin wurin da aka yanke ya yi daidai da faɗin tsohon bakin. In ƙafar mai tsukewa ce kuma an cire da yawa, sama ta fi ƙasa faɗi, sai an ɗan rage kafin su haɗu.

Yaya Kabiru: Malam, a nan zan ɗan saɓa maka. Ni ba na son wannan mayar da tsohon bakin. Ta ciki yana barin kauri, bakin ya yi tauri ya riƙa tsayawa kamar zobe, kuma in mutum ya naɗe ƙafar mahaɗin yana fitowa fili. Ga wandon Abba ma babu amfaninsa sam, tunda bai koɗe ba, babu abin da za a adana. Shi ɗinkin sarƙa ya kamata ya nema.

Malam Sani: Ai ban ce a yi wa Abba ba, Hajiya na amsa wa. A nata wandon me za ka yi?

Yaya Kabiru: A nata na yarda.

Abba: Yaya, mene ne ɗinkin sarƙa kuma?

Yaya Kabiru: Juya bakin ƙafar wandonka ka duba ta ciki. Ta waje layi ne kamar kowane, ta ciki kuwa za ka ga zaren ya yi 'yan madaukai suna shiga juna. Shi ke nan. Keken da aka fi yi wa suna a kansa shi ne tsohon Union Special 43200G, wanda masana'antun jins suka yi amfani da shi shekaru da yawa, yanzu masu gyaran jins suke nemansa ruwa a jallo. Yadda yake jan yadin yana naɗewa yana sa bakin ya ɗan murɗe, to da wanki da sawa sai tudun murɗin ya koɗe, kwarin ya riƙe duhu, ka ga wannan tattarar a karkace da Hajiya take magana. Dalilin da jins yake koɗewa haka kuwa, shunin bai ratsa zaren ba, a bayansa kawai ya zauna, cikin fari ne, zaren da ke gicciye ma fari ne. Duk inda ya gogu farin yake fitowa.

Malam Sani: Gaskiya ne, amma a faɗi ɗaya gefen. Ɗinkin sarƙa bai kai na keke mai kwarkwaro ƙarfi ba. In zare ɗaya ya tsinke aka ja shi ta inda ya dace, duk layin yana warwarewa. Kuma ba kowane gari ake samun mai wannan keken ba. In Abba bai samu ba kada ya ɗaga hankalinsa. Kalmasa siririya, faɗinta daidai da ta asali, zare mai kauri launi ɗaya da na wandon, tsawon taku ɗaya da na asali, wallahi daga tsaye babu mai bambancewa. Tattarar ma za ta fito da wanki, sai dai ba ta kai ta sarƙa ba.

Nura: Ni dai ban taɓa ganin wanda ya tsuguna yana duba cikin ƙafar wandon mutum ba.

Yaya Kabiru: Ba ka haɗu da mu ba ne.

Anti Binta: Abba, wata hanya kuma, tambayi inda ka saya. Shagunan da ke sayar da irin waɗannan wandunan da yawa suna da keken sarƙar, wasu suna rage tsawo ga wanda ya saya a wurinsu, wasu ana aika musu ta gidan waya. In za ka aika, ka jiƙa tukuna, ka sa fil ko alli a inda kake so, kuma ka rubuta musu tsawon da kake so ya kasance bayan an gama, daga hantsa zuwa baki. Kada ka rubuta abin da za a cire, nan ake samun saɓani.

Mubarak: Tun abin da ya same ni, ga yadda nake gwada tela. Ina kai masa tsohon jins da ban damu da shi ba ya rage, in ga aikin. Ina duba wurin da kalmasa ta hau kan ɗinkin gefe, inda yadi ya taru ninki da yawa. In keken ya yi tsalle a nan, ko zaren ya cukurkuɗe ta ciki, ko taku ya ƙanƙance, to ba zan kawo mai tsadan ba.

Malam Sani: Ka san inda ake dubawa. Wurin nan shi ne mai karya allura. Ni ina ajiye ƙaramar guduma kusa da keke, in na naɗe bakin sai in ɗora ƙyalle a kan tudun in bubbuga shi ya kwanta, sannan in sa wani ninkakken ƙyalle a bayan ƙafar keke don ta daidaita, in juya da hannu taku ɗaya ɗaya har in wuce. Allura lamba 16 ko 18, wato 100 ko 110, ba ta ɗinkin riga ba. Ku tambayi tela wace allura zai sa, wane zare. In ya ciro zaren da yake ɗinka komai da shi, ku karɓi kayanku. Kuma ku ce a bar muku abin da aka yanke, kada a zubar.

Zulai: Me za a yi da guntun, Malam?

Malam Sani: Faci. Jins a hantsa yake fara mutuwa, inda cinyoyi suke gogar juna. In kin ga wurin ya fara yin fari yana sirancewa, kada ki jira ya huje. A sa guntun ta ciki, a bi shi da keke gaba da baya, gaba da baya, da zaren da ya yi kama da launin wurin, ana bin yadda saƙar ta kwanta. Wurin zai koma kamar an sake saƙa shi. Wanda aka kawo da wuri gyaransa ba ya nunawa, wanda ya riga ya yage kuwa sai dai a rufa asiri. Guntun wandon kansa ya fi kowane yadi dacewa, nauyinsu ɗaya, jansu ɗaya.

Yaya Kabiru: Kuma rashin wanki yana cikin abin da ke kashe hantsar. Datti da gumi suna shiga zaren su riƙa cinsa. Na san a 2014 shugaban Levi's na lokacin, Chip Bergh, ya ce wandon da ke jikinsa bai ga injin wanki ba, mutane suka ɗauka kamar doka. Ni dai in ya yi datti ina wankewa, a juye, ruwan sanyi, sabulu kaɗan. Masu sa shi a firiza kuma, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin da ke kawo warin, suna nan, da ya ɗumama sun farfaɗo.

Hajiya Ladi: Wando a firiza? Allah ya sawwaƙe.

Zulai: Malam, nawa mai roba ne, yana miƙewa. Duk wannan bayanin ya shafe shi?

Malam Sani: Yawancinsa. Bambancin shi ne mai roba ba ya son zafi, don haka a rage wutar guga, kuma kada a sa shi a injin busar da kaya, zafin yana kashe robar, gwiwa da mazaunai su saki ba su komawa. In ya riga ya saki haka, tsukewa ba ta daɗewa, zai sake buɗewa. Wajen kalmasa kuma kada tela ya ja yadin yana ɗinki, in ya ja bakin zai yi ta lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Ki sa shi 'yan awanni kafin ki je awo, domin wanda aka ciro daga shanya ya fi matsewa, in aka auna a haka za ki ga kamar ba ya buƙatar komai.

Nura: Tambaya ta gaskiya yanzu, ba wasa ba. Ba asara ba ce mutum ya sayi abu da tsada sannan ya ƙara kuɗi a yanka shi? Ai darajarsa ta faɗi in zai sayar.

Anti Binta: In don sayarwa ka saya, to kada ka taɓa. In don sawa ne, wandon da ke rataye ba a sawa shi ne asarar. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Kuma kamfanonin da gangan suke yin ƙafar da tsawo, lamba ɗaya ga kowa, don sun san za a rage.

Yaya Kabiru: Shi kansa wandon ai daga hannun tela ya fito. Jacob Davis tela ne a garin Reno na Amurka, shi ya fara sa ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihu don kada ya yage, suka yi rajistar abin tare da Levi Strauss, mai kamfanin Levi's, a 1873. Kayan aiki ne tun asali, ana yanka shi ana yi masa faci.

Malam Sani: Tunda an ambaci ƙusoshin, su ma suna cikin dalilin da ba a rage ƙugu ta gefe. Akwai ƙusa a bakin aljihu dab da ɗinkin gefen, in an cire ta ba kowa ke da abin mayarwa ba, ramin kuma yana nan. Haka facin fata da ke bayan ƙugu, a kula kada guga ta hau kansa, yana ƙanƙancewa ya taurare.

Abba: Malam, in na jiƙa na ga ɗinkin gefen ya karkato gaba fa? Na ga hoton wani haka.

Malam Sani: Wannan ba laifin tela ba ne, halin saƙar ne, tana da layi a karkace, in ta ja sai ta juya ƙafar kaɗan. A wanda ba a jiƙa a masana'anta ba ya fi fitowa. Ba a gyara shi, kuma kada ka bari wani ya ce zai miƙe maka. Abin da za ka kula kawai, wajen auna tsawo a bi ƙafar yadda ta kwanta, a auna kowace ƙafa daban a jikinka, don mutane da yawa ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya. Kuma a bar maka rarar rabin inci a kan abin da kake so, ko da ka jiƙa sau biyu. In bayan wanki na gaba ya yi tsawo, ka dawo a ƙara ragewa.

Mubarak: Malam, zif ɗin wani nawa ya mutu, haƙora biyu sun fita. A canza duka ko akwai dabara?

Malam Sani: In haƙora sun fita a tsakiya, sai canji. In kan zif ɗin ne kawai ya saki yana zamewa, a matse shi kaɗan da filaya ko a canza kan, ba sai an farke gaban wando ba. In za a canza duka, ka ce a sa na ƙarfe mai tsawo ɗaya da na asali, kuma a bi tsofaffin ramukan allura wajen mayar da ɗinkin gaba. Turo hotonsa in gani, ta ciki da ta waje.